Goben Tela

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu, na Katsina da kewaye. Nasihar yau da kaina zan fara, don ni ne mai laifin.

Shekara 19 ke nan ina taka keke a wajen Ƙofar Ƙaura. Wanda ya san tela ya san "gobe". Kalmar nan ta zame mana kamar almakashi, ba a buɗe shago babu ita. Mutane ma sun gaji da fushi, sai dai su yi dariya su ce ai alkawarin tela ne. Ni ma haka na ɗauke ta. Ina cikin ƙungiyar mawaƙa, ba na fashin sujada, ba na wasa da baiko, amma ko sau ɗaya ban taɓa durƙusawa na ce, ya Ubangiji ka gafarta mini "goben" da na faɗa wa mutane a makon nan ba. A wurina sana'a ce, ba zunubi ba.

Wata shekara, azumi ya kai tsakiya, wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta shigo shago da shadda yadi uku ƙulle a baƙar leda, tana riƙe da hannun jikanta, maraya ne, bai wuce shekara takwas ba. Ƙuli-ƙuli take sayarwa, kowa a layin ya san da me ta tara kuɗin shaddar nan. A lokacin kayan Sallah sun taru mini har sun kusa taɓa silin. Na sani sarai ba zan iya ba. Amma ido ya ga kafin alƙalami, sai na jawo yaron na auna shi, na ce, "Hajiya, ki ba ni kwana huɗu."

Sau biyar tana dawowa. Ran farko na ce an ɗauke wuta. Na biyu na ce mai aikin wuya ne bai kawo ba. Sauran ma na manta abin da na faɗa, don ƙarya ba ta zama a kai. Daren jajibere, bayan isha'i, janareta na ta ruri, yara na ta guga, sai ga ta. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta sunkuya ƙarƙashin tebur ta jawo ledarta, ta ɗaga ta a hasken ƙwai. Ƙullin da ta yi da hannunta yana nan yadda ta yi shi, ko kwance shi ban yi ba.

Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, teloli nawa na wuce kafin in zo wurinka? Cewa aka yi ku mutanen coci ba ku ƙarya."

Ta sa ledar a hammata ta fita, ko kuɗinta ba ta nema ba. Da safe ana ta kiɗa, jama'a na tururuwa zuwa Ƙofar Soro kallon hawa, kowane yaro sai ƙamshin sabon ɗinki yake. Na hango jikan nan nata a bakin zaure da tsohuwar rigarsa, an wanke ta tas an goge, amma hannun ya ɗage masa har kusan gwiwar hannu. Da ta zage ni da na ji sauƙi.

'Yan'uwa, ku lura da abin da ta ce. Ba ta ce an ce na iya ɗinki ba. Sunan da muke ɗauke da shi ta biyo. A garin nan mu kaɗan ne, kuma yawancin maƙwabtanmu ba za su taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba, ko da yake tun 1932 yake nan cikakke da Hausa. Abin da suke karantawa mu ne. Manzo Bulus ya gaya wa Korantiyawa, a wasiƙarsa ta biyu sura 3, cewa su ne wasiƙar da kowa yake gani yana karantawa. To Hajiya ta karanta tawa a daren nan, ta kuwa ga abin da aka rubuta. A Romawa 2:24 akwai magana mai nauyi, cewa saboda halin mutanen Allah ne ake saɓon sunansa a cikin al'ummai. Da can in na karanta wurin nan wasu nake tunawa.

Kuma kyakkyawan zaton da ta zo da shi ba ni na gina shi ba, gado na tarar. Mahaifina mutumin ƙasar Malumfashi ne, manomi, karatunsa bai wuce ya haɗa baƙi ya karanta Bishara ba. Ban taɓa jin ya rantse ba, amma in ya ce zai biya bashi da kaka, mai bashin yakan tafi ya yi barcinsa. Haka tsofaffi ke ba da labarin Babbar Ruga da ke kusa da Katsina, inda 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka yi ta jinyar kutare a lokacin da dangi ma gudunsu suke yi. Mutanen ƙasar nan sun ga hannun da ke wanke miki kafin su ji wa'azi. Irin waɗannan ne suka tara mana sunan, ni kuwa na ɓarar da rabona a kan kafin alƙalamin shadda yadi uku.

Ubangijinmu Yesu bai bar mana wurin kewaye-kewaye ba. A Matiyu 5:37 ya ce i ɗinmu ya zama i, a'a ya zama a'a, abin da ya wuce haka daga Mugun yake. Yakubu ya sake nanata shi a sura 5 aya 12. Babu inda aka ce ban da teloli, ban da lokacin Sallah ko Kirsimeti. Kada kuma wani ya karanta wannan ya ce Allah ya shirya teloli ya wuce. Makanikin da ya ce ya sa sabon kaya alhali wanke tsohon ya yi, da shi nake. Da ma'aikaciyar da fayil ke cikin durowarta tana cewa oga bai sa hannu ba. Da 'yar'uwar zumuntar mata mai tiya biyu, ta saye daban ta sayarwa daban, alhali Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta hana ajiye ma'auni iri biyu ko a jaka ko a gida. Da mai cin bashin kanti ya sauya hanya, ran Lahadi kuma ga shi a gaba da sabuwar hula. Mu teloli ma akwai zancen ragowar yadi, wanda muke cewa ƙyalle ne ko da ya isa rigar yaro. Wannan na bar shi sai wata rana, don in na fara abokan sana'a za su daina gaishe ni.

Lahadin da ta biyo baya na kasa buɗe baki a waƙa. Abin da ke yawo a kaina Matiyu 5:23-24 ne: in ka kawo baikonka ka tuna wani yana da magana a kanka, ka ajiye, ka je ku shirya tukuna. Ana tashi na wuce gidanta. Na yi sallama, na durƙusa a tsakar gida, tana tuya. Na ce, "Hajiya, ba wuta ba ce, ba mai aikin wuya ba ne. Ƙarya na yi miki tun ranar farko." Na ajiye kuɗinta, na roƙi ta ba ni shaddar in ɗinka kyauta. Ta daɗe tana juya ƙuli a mai kafin ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ta ba ni, na ɗinka a kwana biyu, yaron ya sa ta zuwa Juma'a. Muna gaisawa har yau, in an yi Kirsimeti matata takan kai mata abinci, ita ma takan aiko da tuwon Sallah. Amma ba ta ƙara kawo mini ɗinki ba, ban kuma ga laifinta ba.

Tun daga nan na sayi littafi mai bango ja. Na san iyakar abin da hannuna da na yarana biyu za mu iya a mako, in layin ya cika sai in rufe. Ba abu ne mai daɗi ba. Mutum zai zo da shadda mai tsada, kuɗi a hannu, kuɗin makarantar yara na jirana, in ce masa, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba zan iya kafin Sallah ba." Wani ya ce girman kai ne ya kama ni. Wani kuma ya tsaya yana kallona kamar ya ga baƙon abu. Har yanzu "gobe" takan zo mini bakin harshe, sai in haɗiye in duba littafi.

Yanzu haka akwai atamfar wata baiwar Allah a kan keke, anko ne na biki, na ce mata Alhamis. Yau Talata, ban ko sa zif ba. Bari in ajiye wayar nan.