'Yan tsaki na bukatar ɗumi ko a bazara

Abin da ke damuna shi ne yadda masu kiwo a gida nan Kaduna ke cewa garinmu da zafi, don haka 'yan tsaki ba sa bukatar wuta sai da hunturu. Maganar tana da kan gado, domin wanda ya sha ranar watan Afrilu ba zai ga dalilin hura gawayi ba.

Sai dai ɗan tsako a makonni biyun farko jikinsa bai iya riƙe ɗumi da kansa. Shi ya sa kaza ke rufe 'ya'yanta da fukafukai. Waɗanda aka sayo a kwali kuwa ba su da uwa, kai ne uwarsu. A makon farko suna son ɗumin digiri 32 zuwa 35, sannan a riƙa ragewa da kamar digiri 3 duk mako har gashi ya rufe su. Rana takan kai haka, amma da asuba sanyi na sauka, balle da damina in an kwana ana ruwa.

A ce mutum ya zuba 'yan tsaki 50 a ɗakin siminti ba wuta. Cikin dare za su dunƙule a kusurwa, na sama su danne na ƙasa, da safe a kwashi matattu a ce cuta ce ko daga kamfani aka cuce shi.

Kwan lantarki ko kaskon garwashi ya isa, a dai bar kafar iska saboda hayaƙi. In sun taru jikin wutar suna kuka, sanyi suke ji. In sun guje ta suna haki, a rage.