Taswirar makomar halittu ba ta ganin inda ƙafar mai bincike ba ta taka ba

A shekarar 2004, mujallar Nature ta buga wani bincike da masanin muhalli Chris Thomas ya jagoranta, wanda ya tayar da ƙura a duniyar ilimi. Sakamakonsa ya ce idan ɗumamar duniya ta ci gaba a matsakaicin mataki, to zuwa 2050 tsakanin kashi 15 zuwa 37 cikin ɗari na nau'o'in tsirrai da dabbobin da aka nazarta za su kama hanyar ƙarewa. Wasu suka ce an zuzuta, wasu suka ce an ma rage. Ni a ganina hanyar da aka bi aka kai ga waɗannan alƙaluma ta fi alƙaluman kansu cancantar a tsaya a kanta, domin da ita ake yanke shawarar dajin da za a killace da wanda za a bari a sare.

Aikin ba shi da wuyar fahimta. Mai bincike yana tattara wuraren da aka taɓa ganin wata halitta, tsuntsu ne ko bishiya ko sauro, kowane wuri ɗigo ɗaya a kan taswira. Sai ya ɗora bayanan yanayin waɗannan wurare: zafin watan da ya fi zafi, sanyin watan da ya fi sanyi, yawan ruwan sama da tsawon rani. Rumbun WorldClim, wanda ya fito a 2005, yana ba da ma'aunai 19 irin waɗannan. Daga nan manhaja, galibi MaxEnt da Steven Phillips da abokan aikinsa suka gabatar a 2006, ta koyi irin yanayin da halittar ke jurewa, ta shafa wa taswira launi a duk inda yanayin ya dace. A ƙarshe a sauya mata yanayin yau da wanda ake hasashe na 2050 ko 2080, a ga inda launin ya koma.

Wanda ya ce wannan wasan kwamfuta ne kawai bai yi adalci ba. A 2003, Christopher Raxworthy da tawagarsa sun zana irin wannan taswira don hawainiyoyin tsibirin Madagaska. Manhajar da suka yi amfani da ita ta haska wasu yankuna da ba a taɓa ganin waɗannan hawainiyoyi a cikinsu ba, kuma binciken da aka yi a can ya fito da sababbin nau'o'i bakwai da ilimi bai san da su ba. Ita ma ƙaurar da ake hasashe ba jita-jita ba ce. Wani nazari da ya haɗa sakamakon bincike da dama, wanda mujallar Science ta buga a 2011, ya nuna cewa halittu na matsawa zuwa yankunan sanyi da kimanin kilomita 17 a kowace shekara goma, suna kuma hawa tsaunuka da kimanin mita 11.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne labarin tsaunin Pantiacolla na ƙasar Peru. An ƙidaya tsuntsayensa a 1985. A 2017 Benjamin Freeman da abokansa suka koma, suka kafa raga a wuraren da aka kafa a da, suka yi ta sauraron kukan tsuntsaye da asuba. Na ƙasa sun hau sama. Amma daga cikin nau'o'i 16 da ke zaune can ƙololuwa, takwas ba a ji ɗuriyarsu ba. Wanda ke kan tsololo, in zafi ya iso shi, ina zai hau?

To amma akwai gyara, kuma babba. Manhaja abin da aka ba ta take ci. Rumbun GBIF mai tattara bayanan wuraren da aka ga halittu a duniya, mai hedikwata a Kopenhagen, wanda aka kafa a 2001, yana ɗauke da bayanai sama da biliyan biyu, sai dai kaso mafi tsoka na tsuntsaye ne, akasarinsu kuma daga Turai da Arewacin Amurka, inda masu sha'awar kallon tsuntsaye ke tura abin da suka gani ta manhajoji irin su eBird. Idan ka buɗe taswirar ɗigogin wata halitta, sau da yawa za ka ga sun jeru a bakin tituna da kewayen garuruwan da ke da jami'o'i. Wato taswirar tana nuna inda masu bincike suka iya kai mota, ba lallai inda halittar take ba. Dazuzzukan yankunan zafi, waɗanda suka fi ko'ina yawan halittu, su ne suka fi ƙarancin ɗigo. Ƙwari da namomin kaza kuwa, ba a ma maganarsu.

Sannan yanayi ba shi kaɗai ke raba wa halittu mazauni ba. Akwai ƙasar da saiwa za ta kama, akwai ƙudan zuma mai barbara, akwai abokin gaba, akwai gona da titi da birni da suka tare hanya. Taswira za ta iya cewa yanayin da ya dace da wata bishiya ya koma kilomita ɗari arewa, amma ba ta ce iri zai iya kaiwa can ba. Wani lokaci ma halittar takan saɓa wa zato: wani bincike na 2011 a Kalifoniya ya gano tsirrai da dama sun gangaro ƙasa maimakon su hau sama, saboda danshi suke bi.

Masu neman hujjar naɗe hannu sukan riƙe waɗannan kurakurai su ce a jira sai an tabbatar. Ban yarda ba. Ɗan ɓeran tsibirin Bramble Cay da ke mashigin Torres bai jira kowa ba. An yi masa ganin ƙarshe a 2009, ruwan teku ya yi ta malale tsibirin yana kashe ciyawar da yake ci, a 2019 gwamnatin Ostireliya ta ayyana cewa ya ƙare. Ba a fafe gora ranar tafiya. Maganin taswira mai giɓi shi ne a cike giɓin, wannan kuwa aikin ƙafa ne. Abin takaici, masu ba da kuɗin bincike sun fi sakin hannu ga sabuwar manhaja fiye da ga mutumin da zai kwana a daji yana ƙirga kwaɗi, ko wanda zai zauna a gidan adana kayan tarihi yana kwafe rubutun da ke jikin tsofaffin busassun ganye zuwa kwamfuta. Alhali da ba a yi ƙidayar 1985 ba, da babu wanda zai san abin da Pantiacolla ya rasa.

Masu zana taswirorin su ma akwai haƙƙi a wuyansu. Su daina miƙa wa mahukunta hoto guda mai kyawun launi kamar hukunci ne yankakke. Su nuna inda manhajoji daban-daban suka yi ittifaƙi, da inda suka saɓa, da inda babu ɗigo ko ɗaya. Masanan lambun binciken tsirrai na Kew da ke Ingila da takwarorinsu na Habasha sun nuna yadda ake yi a 2017, lokacin da suka haɗa hasashen kwamfuta da zagayen gonaki da tattaunawa da manoma. Sun ce tsakanin kashi 39 zuwa 59 cikin ɗari na filayen noman kofi na ƙasar na iya daina dacewa kafin ƙarshen wannan ƙarni. Ba su tsaya nan ba, sun nuna tuddan da za a iya mayar da noman, da dazuzzukan da dole a kare ko a sake dasawa tun yanzu, domin kofin nan a inuwar manyan bishiyoyi yake girma, bishiya kuma tana ɗaukar shekaru kafin ta yi inuwa.