Ranka Ya Daɗe, Ga Saƙo

Kalma biyar ce fa. Ranka, ya, daɗe, ga, saƙo. Ku ƙirga da kanku. Su ne suka shanya mutum sama da ashirin tun hantsi har rana ta karkata, kuma ni ne sila.

Ga yadda aka yi: ana ɗaukar wani shirin talabijin ne, yaron da zai fito a masinja bai zo ba, ƙanin matata yana cikin ma'aikatan shirin, ni kuwa rakiya ce ta kai ni. Darakta ya dube ni sama da ƙasa ya ce rigar masinjan za ta shige ni. Ban yi musu ba, don shekara da shekaru ina kishingiɗe gaban talabijin ina cewa wannan ai ko ni zan iya.

Wanda zan miƙa wa ambulan ɗin Baba ne. Eh, shi dai. Kowa ya san fuskarsa, amma ka ce a faɗi sunansa sai a fara sosa ƙeya. Tun ina firamare yake fitowa: yau mai gadi, gobe alƙali, jibi likitan nan da ke fitowa daga ɗaki ya cire tabarau ya girgiza kai. Bai taɓa jan shiri ba, hotonsa bai taɓa hawa fosta ba, sunansa kuma sai can ƙasan jerin sunaye yake giftawa, lokacin da kowa ya sauya tasha. Da bakinsa ya gaya mini cewa wata mata ta taɓa tare shi a hanya ta miƙa masa takardar gwajin jini ya duba mata. Ya ce ya cire tabarau, ya duba, ya ce ta koma wurin wanda ya rubuta. A wannan shirin tsohon lauya ne, fitowa biyu kacal gare shi.

Muna zaune ana gyara fitilu, sai iyayi ya motsa mini. Na ce bari in faranta wa dattijo rai da ɗan abin da na sani. Na ba shi labarin James Hong, ɗan wasan nan na Amurka da aka haifa a 1929, wanda ya karanta injiniyanci har ya yi aikin hanyoyi a gundumar Los Angeles kafin ya koma wasa. Na ce masa mutumin ya fito a finafinai da shirye-shirye sama da 600, yawanci a irin matsayin da ba a tuna sunan mai shi, kuma sai a 2022, yana da shekara 93, aka sa masa tauraro a titin nan na Hollywood da ake karrama 'yan wasa.

Baba ya yi shiru yana lissafi da yatsu. Ya ce, "To ɗana, ka ce in ƙara haƙurin shekara ashirin da wani abu ke nan."

Daga nan ya kamata in kama bakina. Ina! Mai sauti ya zo ya maƙala mini ɗan makirufo a cikin riga, ya zura waya ta bayana. Na zaga bayan wata mota na kira uwargida in yi mata albishir. Ku riƙe wannan wurin, za mu dawo.

Aikina mai sauƙi ne a baki. In ƙwanƙwasa, in shiga, in yi taku huɗu, in tsaya kan alamar da aka manna da salatif a ƙasa, in miƙa ambulan, in faɗi kalmomina, in fita. Masu fim sun ce shafi ɗaya na rubutu kusan minti ɗaya ne a allo. Nawa ko kwatan shafi bai kai ba.

Aka tafa allon nan a gaban kyamara, darakta ya ce akshin. Na shiga, na kalli kyamara ido cikin ido, har da murmushi. Kat. Na biyu na wuce alamar na tare wa Baba haske, fuskarsa ta yi duhu. Na uku na tsaya daidai, amma tun daga ƙofa idona na ƙasa ina neman salatif kamar wanda ya yar da allura. Na huɗu komai ya tafi lafiya, har na fara jin kaina, sai ga yarinyar kwantiniti, mai lura da kada wata ɗauka ta saɓa wa wata, da littafinta. Wai ɗazu da hannun dama na riƙe ambulan, yanzu da hagu. Na ce to sai me? Ta yi mini bayani kamar tana magana da ɗan yaye: ana ɗaukar abu ɗaya daga nesa, a sake daga kusa, a sake ta bayan kafaɗata, sannan mai tacewa ya haɗa su. In hannun ya bambanta, ambulan zai riƙa tsalle daga dama zuwa hagu a idon mai kallo.

A nan ne na fara lura da Baba. Kowace ɗauka, ƙwanƙwasata ta biyu yake ajiye biro, a wuri ɗaya, bakinsa na kallon gefe ɗaya. Tabarau kuwa ba ya taɓa su sai na kai kan "daɗe". Da na tare masa haske bai ce uffan ba, sai ya ɗan karkata kafaɗa, hasken ya dawo fuskarsa. Bai taɓa kallon ƙasa ba, ƙafarsa ce ta san wurin. Da an ce kat sai ya koma tsoho mai ciwon gwiwa, da an ce akshin sai ka rantse yana da shari'a gobe.

Ɗauka ta tara ita ce har yau ke tashe ni da dare. Ƙwanƙwasa daidai. Taku huɗu daidai. Hannun dama. Ban kalli kyamara ba, ban kalli ƙasa ba. Ɗakin ya yi tsit, har ina jin darakta ya riƙe numfashi. Na rusuna, na miƙa hannu, na buɗe baki da muryar da na yi ta gwadawa a bayan mota, na ce:

"Ranka ya saƙo, ga daɗe."

Ban ma san na faɗa ba. Na tsaya ina jiran yabo. Baba, Allah ya ja kwanansa, ko gezau. Ya cire tabarau a hankali, ya karɓi ambulan, ya juya shi gaba da baya, ya dube ni da idon lauya ya ce, "Madalla. Ajiye daɗen a nan, ka koma ka zo da saƙon."

Sai na ga doguwar sandar makirufo tana rawa a saman kaina. Mai riƙe da ita ya cije leɓe, hawaye na zuba. Mai kyamara ya sunkuya. Ƙanin matata, wanda ni na biya masa kuɗin makaranta wata shekara, ya zauna a ƙasa dirshan yana dukan cinya. Darakta bai ma iya cewa kat ba, hannu kawai ya ɗaga.

Duk wannan na yafe. Wanda ban yafe ba shi ne mai sauti. Tun safe na lura yana yi mini wani murmushi na gefen baki, abin sauraro a kunne, yana murɗa maɓallai kamar ba ruwansa. Mutum ne siriri mai hular sanyi a tsakiyar zafi, kuma ni dama ban yarda da mai sa hular sanyi cikin zafi ba. Ana cikin dariyar nan ya ce, "Yallaɓai darakta, akwai wata ɗaukar da ba ku ji ba." Ya danna wani abu. Sai ga muryata ta cika ɗakin, tas, ko ƙura babu:

"Wallahi tsohon nan ba abin da yake yi illa cire tabarau, kuma a kan haka ake biyansa. Ki bari ki ga mijinki yau."

Ashe makirufon rigar a kunne yake tun daga bayan mota. Har da inda uwargida ta ce in taho da batir ɗin rimot. Ya bar wannan ma ya wuce, don mugunta. Wai shi gwajin sauti yake yi. Gwajin sauti minti uku? Kuma me ya sa bai goge ba? An ce mini yanzu in sabon yaro ya zo aiki, da wannan ake yi masa maraba. Na haɗu da shi sau biyu bayan nan, duk biyun ya cire tabaran da ba ya da su ya gaishe ni.

Baba dai bai yi fushi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya miƙo mini tabaransa ya ce, "Ungo ɗana, cire mu gani." Na saka, na cire, ƙafar tabaran ta tsokane mini ido. A ɗauka ta goma sha huɗu aka samu wadda za a yi amfani da ita, idona ɗaya ja wur.

Ranar da za a nuna shirin na gaya wa duk wanda na sani. Muka zauna. Ga Baba, ga biro, ga ƙwanƙwasa. Aka nuno hannu da ambulan, daga gwiwar hannu zuwa yatsu. Hannuna ne, na gane agogon. Muryar da ta ce "ranka ya daɗe, ga saƙo" kuwa ba tawa ba ce, an sake ɗora wata a wurin tacewa. Ta mai hular sanyi ce.

Uwargida ta ce agogon ya fito da kyau. Rigar masinjan tana nan wurina, sun ce za su aiko a karɓa, har yanzu shiru.