Ana Ɗebo Naman Ƙodar Mutane, Amma Babu Madubin da Zai Duba Shi

Ciwon ƙoda ya zama ruwan dare a Arewacin Najeriya, kuma duk wanda ya san Gashuwa da sauran garuruwan ƙasar Bade a Jihar Yobe, ko ya san yankin Haɗeja a Jihar Jigawa, ba sai an faɗa masa yawan gidajen da wannan ciwo ya shiga ya ɗauke magidanta da matasa ba. Duk lokacin da maganar ta taso, abin da mahukunta suke gaggawar yi shi ne sanar da sayo injinan wankin ƙoda, alhali wankin ƙoda mataki ne na ƙarshe, wanda ake kaiwa gare shi bayan ƙodar ta gaza aiki. Ƙorafina yana kan matakin da ya gabaci wannan, wato lokacin da ƙodar take da sauran ƙarfi, likita ya soka allura ya ɗebo ɗan namanta domin a gano takamaiman abin da ke cin ta, sannan a dawo wa majinyaci da sakamako gurgu saboda babu madubin ilektiron mai aiki da za a duba naman da shi, wato na'urar da ke nuna ƙananan abubuwan da madubin likita na yau da kullum ba ya iya nunawa. Na daɗe ina aiki a ɗakin gwaje-gwajen asibiti, ina kuma koyar da ɗalibai, kuma wannan al'amari yana ƙona mini rai matuƙa.

Madubin likita da kowa ya saba gani a kan teburin ɗakin gwaji da haske yake aiki, kuma yana da iyakar da babu kuɗin da zai sa ya tsallake ta. Tun a shekarar 1873 masanin Jamus Ernst Abbe ya nuna cewa irin wannan madubi ba zai iya raba abubuwa biyu da tazararsu ta gaza kimanin nanomita 200 ba, saboda tsawon zangon hasken da ido yake gani yana tsakanin nanomita 400 zuwa 700. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Jar ƙwayar jini tana da faɗin nanomita 7,000 zuwa 8,000, shi ya sa muke ganin ta sarai, mu ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikinta, mu gane jinin mai sikila, mu gano ƙwayar tarin fuka a majina. Amma mafi yawan ƙwayoyin bairos da ƙananan ƙofofin matatar ƙoda suna ƙasa da wannan iyaka, kuma ko mutum ya kwana yana juya madubin ba zai gan su ba.

Mafita ta zo ne daga kimiyyar lantarki. A 1924 Louis de Broglie na Faransa ya bayyana cewa ilektiron, wato ɗan mitsitsin abin da ke ɗauke da wutar lantarki, shi ma yana da zango irin na haske, sai dai nasa gajere ne ƙwarai, domin idan aka ingiza shi da ƙarfin lantarki bolt 100,000 tsawon zangonsa ba ya kai kashi ɗaya cikin ɗari na nanomita. A kan wannan hanya Max Knoll da Ernst Ruska suka ƙera madubin ilektiron na farko a Berlin a 1931, a 1933 Ruska ya ƙera wanda ya zarce madubin haske, kamfanin Siemens ya fara sayar da shi a 1939, kuma Ruska ya karɓi kyautar Nobel a 1986. Ina kawo waɗannan shekaru ne domin kada wani ya ce mana wannan sabuwar fasaha ce da ba ta riga ta iso ba. Ta girmi 'yancin kan Najeriya da kusan shekara 30.

Na'urar dogon bututun ƙarfe ce a tsaye, wanda ake zuƙe iskar cikinsa ƙaƙaf, domin ilektiron ba ya tafiya miƙe idan yana karo da iska. A can sama akwai siririyar waya da ake zafafawa har ta riƙa fitar da ilektiron, sai ƙarfin lantarki, wanda a aikin asibiti yakan kai bolt 80,000 zuwa 120,000, ya ingiza su ƙasa. A maimakon gilashi, naɗaɗɗun wayoyi masu haifar da maganaɗisu ne suke tattara su su nufi samfurin. Inda naman yake da kauri ko ya sha sinadari mai nauyi, ilektiron sukan watse sai wurin ya fito da duhu, inda kuma yake sakayau sai su ratsa wurin ya fito da haske, daga nan kyamarar da ke ƙasa ta ɗauki hoton, baƙi da fari. Wannan shi ne nau'in da ke ratsa samfuri, kuma shi asibiti yake bukata. Akwai nau'i na biyu mai share fuskar abu yana nuna tudu da kwarinsa, wanda wasu jami'o'inmu suka saya domin nazarin ƙarafa da duwatsu, kuma abin takaici ne yadda ake nuna mana shi a ce ai muna da madubin ilektiron, alhali ba da shi ake karanta naman ƙoda ba.

Wanda ya fahimci wannan bayani zai gane dalilin da ya sa irin waɗannan na'urori suke mutuwa a hannunmu. Famfunan da ke zuƙe iska suna bukatar wuta dare da rana, naɗaɗɗun wayoyin suna bukatar ruwan sanyaya su, ƙarfin wutar dole ne ya tsaya cak ba ya hawa ba ya sauka, ɗakin kuma ba ya son girgiza ko zafi ko ƙurar hunturu. Duk wanda ya sa hannu a takardar sayen na'urar ya san irin wutar da muke samu, ya san janaretan asibiti sai an samu man dizal yake tashi, amma ya saya ba tare da tanadin wuta ta musamman ba, ba tare da yarjejeniyar gyara ba, ba tare da tura ko da ma'aikaci ɗaya koyon sarrafa ta ba. Na taɓa shiga wani ɗaki a wata cibiya na ga na'ura mai tsadar gaske an lulluɓe ta da leda, mabuɗin ɗakin yana hannun wanda bai taɓa kunna ta ba. Wannan almubazzaranci ne da dukiyar jama'a, kuma marasa lafiya ne suke biyan farashinsa da jikinsu.

Ko da na'urar tana aiki, rabin aikin yana wajen shirya samfuri, kuma nan ne sakacinmu ya fi ba ni haushi domin gyaransa ba shi da tsada. Da zarar an ɗebo naman, ana yankar ɗan ƙanƙanin yanki a jefa shi nan take cikin sinadarin gulutaraldihayid, daga baya a saka shi a osmiyom, a janye ruwan jikinsa, a daskarar da shi cikin roba mai tauri, sannan a yanka shi da wuƙar daimon zuwa yanki mai kaurin nanomita 60 zuwa 90, wanda gashin kan mutum ya fi shi kauri sau kusan dubu. Ana ɗora yankin a kan 'yar ragar tagulla mai faɗin milimita 3, a rina shi da gishirin yuraniyom da na dalma domin sassansa su fito. A asibitocin da na sani, fomalin, sinadarin da aka saba adana nama a ciki domin madubin haske, shi kaɗai ake samu a ɗakin da ake ɗebo nama, sai a zuba komai a ciki a wuce da shi a daskarar a kakin kyandir. Ana iya ciro naman daga kakin daga baya a gwada, amma hoton yakan lalace, kuma awon kaurin fatar matata ba ya zama abin dogaro.

Kowace ƙoda tana da ƙananan matatu kusan miliyan ɗaya, kuma kowace matata tana da wata siririyar fata mai kaurin kimanin nanomita 300 zuwa 350 a jikin baligi, wadda wasu ƙwayoyin halitta masu 'yan yatsu suka rungume, tsakanin yatsa da yatsa akwai tsaga ta kimanin nanomita 40. Ta waɗannan tsagogi ruwa yake fita ya zama fitsari, furotin kuma ya tsaya a jini. Idan matatar ta lalace furotin yakan zube, fitsari ya riƙa kumfa, fuska da ƙafafu su kumbura. Matsalar ita ce cututtuka daban-daban suna kawo wannan alama iri ɗaya, kuma da yawansu a madubin haske naman yakan fito tamkar lafiyayye. Akwai wadda 'yan yatsun ne kawai suka baje, kuma takan ji maganin furednisolon, wanda ke danne garkuwar jiki. Akwai wadda tarkacen garkuwar jiki ne suka taru a bayan fatar, wadda a yaran Afirka takan zo tare da ciwon hanta nau'in B, kuma furednisolon shi kaɗai ba ya maganinta. Akwai ta gado da ake kira Alport, wadda fatar take tsattsagewa tana yin kauri a wani wuri tana sirancewa a wani, kuma danne garkuwar jiki ba ya amfana mata komai. Shi ya sa ƙa'idar duba naman ƙoda take da ƙafa uku, wato madubin haske, da rinin da ke haska tarkacen garkuwar jiki, da madubin ilektiron.

Ɗan yayana, saurayi ne da bai gama sakandare ba, ya kumbura har takalmi ya daina shigarsa. An ba shi furednisolon na tsawon lokaci bai ji ba, sai likitoci suka ce a ɗebo naman ƙoda. Yayana ya sayar da awakinsa ya biya, yaron ya kwanta rub da ciki aka soka masa allura a baya, da haɗarin zubar jini da ke tattare da hakan. Da sakamako ya fito, sai ga shi an rubuta cewa ba a ga wani babban sauyi a madubin haske ba, ana ba da shawarar a duba da madubin ilektiron. Babu wanda ya faɗa wa mahaifinsa tun farko cewa ba a yin wannan gwaji a wurin, babu wanda ya ware yankin nama a sinadarin da ya dace, kuma abin da aka ce masa daga ƙarshe shi ne ya nemi kuɗi a aika ƙasar waje, da dala. Ya dube ni ya ce, "Ƙanena, kai da kake cikin aikin, me aka gano?" Na rasa amsar da zan ba shi. Aka ci gaba da ba yaron magani a kan zato, fuskarsa ta ƙara cika saboda illar maganin, garkuwar jikinsa ta yi rauni. Ban ga laifin likitan da ya rubuta sakamakon ba, domin gaskiyar abin da ya gani ya rubuta. Laifin yana kan tsarin da ya yarda a soki mutum alhali an san ba za a kammala binciken ba.

Ɓarnar ta shiga har cikin ajujuwanmu. Muna koyar da ɗalibai gane hotunan gwaji, mu jera musu hotuna a jarrabawa mu ce su faɗi abin da ke ciki, amma hotunan madubin ilektiron da muke ba su kwafin kwafi ne daga tsofaffin littattafai, sun dushe har layin awon da ke gefe ya ɓace. Wanda bai ga layin awo ba kuwa ba zai san ko abin da yake kallo nanomita 40 ne ko 4,000 ba, don haka sai ɗalibi ya haddace siffa kawai ya zuba a takarda. Da yawansu sun ɗauka launukan ja da kore da suke gani a hotunan intanet launin ƙwayar ne na asali, alhali da kwamfuta aka shafa su daga baya. Karanta irin wannan hoto sana'a ce mai wuya ko ga ƙwararru. A 2020 an wallafa hotuna a manyan mujallun likitanci na duniya ana cewa ƙwayar korona ce a cikin naman ƙoda, sai masanan da suka daɗe a fagen suka fito suka nuna cewa da yawansu ƙananan jakunkuna ne na ƙwayar halittar mutum da suka yi kama da ita. Idan waɗanda suke zaune gaban na'urar kullum suna iya ruɗewa, ina ga ɗalibin da zai kammala karatu bai taɓa shiga ɗakin da take ba?

Abin da ya fi ciwo shi ne cututtukan namu ne, amma ganinsu sai a wani wuri. Zazzaɓin Lassa ya samo sunansa daga garin Lassa na Jihar Borno a 1969, amma a Amurka aka ware ƙwayar aka yi nazarinta. Ƙwayar Ebola ma a birnin Atlanta na Amurka masani Frederick Murphy ya ɗauki shahararren hotonta a 1976. A 2010 kuma aka gano cewa wasu sauye-sauye a ƙwayar gado mai suna APOL1, waɗanda suka fi yawa a mutanen Afirka ta Yamma, suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda. Mu ne muka fi kowa bukatar duba naman ƙoda da kyau, mu ne kuma aka bari da zato.

Ba cewa nake yi a sa wannan na'ura a kowane asibiti ba, domin ko a ƙasashen da suka ci gaba cibiya ɗaya takan yi wa asibitoci da yawa aiki. Naman da aka saka a sinadarin da ya dace yana jure tafiyar mota daga Maiduguri zuwa Kano ko daga Sakkwato zuwa Zariya, hoton kuma ana iya tura shi ta intanet ga duk ƙwararren da zai karanta. Ina kira ga gwamnonin jihohin Arewa da shugabannin asibitocin koyarwa su haɗa kuɗi su tsayar da cibiya ko da guda ɗaya ce, mai wutar sola da batura nata na kanta, da yarjejeniyar gyara ta shekaru a rubuce, da ma'aikatan da aka horar kafin na'urar ta iso, kuma a buɗe ƙofarta ga ɗalibai. Kafin a kai ga haka, wajibi ne kowane asibitin da ke ɗebo naman ƙoda ya ajiye gulutaraldihayid a firjinsa, ya ware yankin da za a iya aikawa, kuma ya faɗa wa majinyaci da iyalansa dalla-dalla, kafin su biya ko sisi, waɗanne gwaje-gwaje za a yi a nan, waɗanne ne ba za a yi ba, da nawa za su kashe idan sai an aika waje.