Jin ta bakin kowa ba shi kaɗai ne adalci ba

Jama'a na daɗe ina son yin maganar nan. Wasan dandamalin da George Clooney ya yi a Niyok a 2025, wanda CNN ta haska kai tsaye ranar 7 ga watan Yuni, wlh har yau yana min yawo a kai. Labarin Edward Murrow ne, ɗan jaridar gidan talabijin na CBS a Amurka da ya tunkari Sanata Joseph McCarthy a 1954, zamanin da sanatan ke liƙa wa mutane sunan 'yan kwaminis, sai mutum ya wayi gari an kore shi daga aiki, abokai sun gudu, ba shaida ba komai.

Ba su sa wani ɗan wasa ya fito a McCarthy ba fa, ainihin hotonsa da muryarsa suke sakawa a allo. Dabarar Murrow ce a shirinsa na talabijin na ranar 9 ga Maris 1954, ya tattaro maganganun sanatan na bakinsa ya jera su, jama'a suka gane wa idonsu inda yake tufka da warwara. Ko kuɗin tallar shirin a jarida shi da furodusansa Fred Friendly suka biya daga aljihunsu, don CBS ta noƙe. Murrow ya kuma ba McCarthy fili ya kare kansa, ranar 6 ga Afrilu mutumin ya zo ya cinye lokacin wajen jifan Murrow da irin wannan zargin na kwaminisanci.

Wani abokina da ke aiki a gidan rediyo ya ce min ai Murrow ya ɗauki ɓangare, ba aikin ɗan jarida ba ne. Na ce masa malam, alƙali ma yana jin ta bakin kowa, amma ka taɓa ganin ya tashi daga zama ya ce kowa da gaskiyarsa? Ku kuma da dare sojan baka zai biya kuɗin fili ya zazzaga ƙarya, gobe na ɗaya jam'iyyar ya biya ya zazzaga tasa, mai gabatarwa yana ta "to, to, madalla", wai shi ba ruwansa. Dariya kawai ya yi ya ce wa zai biya kuɗin dizal?

Kuma tambayarsa ba ta banza ba ce, dole in yarda. A watan Disamban 1954 majalisar dattawa ta tsawata wa McCarthy, amma a 1955 kamfanin Alcoa ya janye tallarsa daga shirin Murrow, aka daina sa shi duk mako, zuwa 1958 CBS ta rufe shi gaba ɗaya.