Ranar da na tofa wa tarihin Amurka yawu

Kun san Ɗan Zariya, in ya ce "raka ni nan kusa" to ka ɗauki guzuri. Haka ya ja ni wani ɗakin adana tsofaffin takardu, wai yana aikin makaranta a kan Spoelstra. Na ce ai na san shi, kocin ƙungiyar ƙwallon kwando ta Miami Heat. Ya ce wannan Erik ne, jika. Kakan, Watson, ɗan jarida ne da ya shekara da shekaru yana rubuta labarin besbol a Detroit News, daga baya a 1973 ya kafa Baseball Chapel, don 'yan wasan da Lahadi ke riska a fili su samu wurin ibada.

Aka karɓe jaka da biro, aka ba mu fensir. Wata dattijuwa ta kawo kundin a hannu biyu, ta ajiye a hankali. Yankakkun jaridu ne a manne, sun yi ruwan ƙasa, nan labarin ƙungiyar besbol ta Detroit Tigers, can takardar taron coci. Na kai 1968, shekarar da Tigers suka ci kofin zakarun besbol na World Series, mai jefa musu ƙwallo Denny McLain ya ci wasa 31, sai shafi biyu suka haɗe.

To ni ɗan Kano, me zan yi? Na lashi yatsa.

Ban ma kai hannun ba na ji dattijuwar ta ja numfashi. Na ɗago, yatsana a sama, yana ƙyalli. Ta dubi yatsan, ta dube ni, ta sake duban yatsan. Na rasa inda zan kai shi. In goge a riga, ta gani. In mayar baki, ya fi muni. Ina cikin wannan shawara gwiwar hannuna ta taɓa kundin, wani ɗan yanki da gam ɗinsa ya bushe tun kafin a haife ni ya ɓalle, ya yi lilo a iska, ya sauka kan takalmina. Na ɗauka, na juya bayansa, wallahi niyyata in manna shi kamar kan sarki. Ta ce, "Yallaɓai, don Allah ajiye." A hankali ta faɗa, shi ya fi ciwo.

Amma ba ita ce ta ɓata min rai ba. Wani tsoho ne a teburin gaba, mai gilashin ƙara girman rubutu. Mutumin nan tun shigowarmu yake tari a kan takardun mutane, ba wanda ya ce masa kanzil. Shi ne ya juyo da gilashin ya auna ni da shi, yana girgiza kai. Da muka fita shan ruwa ma sai da ya matsar da kofinsa.

Ɗan Zariya kuwa ya koma can ƙarshen tebur yana rubutu, wai bai san ni ba. Har yau bai biya kuɗin mai ba.