Ba intanet ɗin ce ta yanke ba, DNS ne

Da yawa suna ɗauka rauta ce ta lalace, ko kamfanin intanet ya yanke layi, idan shafuka suka ƙi buɗewa bayan sun kafa sabar domen (kwamfutar da ke kula da asusun shiga na sauran kwamfutoci) a gida da Windows Server. Galibi layin lafiyarsa lau. Gwada ping (umarnin da ke gwada ko wani adireshi zai amsa): ping 8.8.8.8, wato adireshin sabar DNS ta Google, sannan ping google.com. In na farko ya amsa, na biyu ya ƙi, matsalar DNS ce, wato tsarin da ke juya sunan shafi zuwa adireshin lamba.

Dalili kuwa, Active Directory, tsarin da ke tafiyar da domen, yana buƙatar kwamfutoci su riƙa tambayar sabar da kanta sunaye. Ita kuma ta san na cikin domen ne, sauran sai ta miƙa gaba. Buɗe DNS Manager a kan sabar, shiga Forwarders, inda ake faɗa mata wa za ta miƙa wa, ka sa adireshin rauta ko 8.8.8.8.

Kada ka sa 8.8.8.8 a matsayin DNS a kan kwamfutocin kansu, ko da a matsayin na biyu. Intanet za ta dawo, amma shiga domen zai riƙa cijewa jefi-jefi, abin da ya fi wuyar ganowa.

In ping ɗin farko ma ya ƙi, duba Default Gateway, wato adireshin rautar da ake bi a fita intanet. Ana yawan barinsa fanko lokacin sa adireshin dindindin.